Abin da Ke Bayan "Da Sauƙi"

A gidan da na tashi cikin birnin Katsina, ba nisa da Ƙofar Marusa, ban taɓa jin an tambayi mutum yaya jiki ya ce babu sauƙi ba. Kakarmu ta wajen uba, a daren da za ta rasu, duk wanda ya leƙa ɗakinta ya gaishe ta sai ta motsa leɓe ta ce da sauƙi, kuma babu wanda ya ɗauki hakan ƙarya, domin kowa ya san godiya ce ga Allah da kuma kara ga wanda ya taso ya zo dubiya. Ni masaniyar halayyar ɗan Adam ce. Na haura shekara 20 ina aiki da yara masu lalurar da ta shafi tunani da ɗabi'a, kuma a shekarun baya-bayan nan akasarin aikina shi ne auna shirye-shiryen da ake kawowa da sunan taimakon irin waɗannan yara, a gano ko sun yi amfani ko ba su yi ba. A cikin wannan aiki babu abin da ya ba ni wahala kamar waɗannan kalmomi biyu da na tashi da su a bakina.

Shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, 1987, ina firamare, ƙanena mai bi mini kuma ana shirin sa shi aji ɗaya. Yaro ne mai kazar-kazar wanda ba ya iya zama wuri guda ko da na tsawon cin tuwo. A makarantar allo yakan riƙe abin da aka biya masa da ka nan da nan, amma idan malam ya ɗora tsinke a kan baƙi ya ce wannan mene ne, sai ya yi zuru. A boko aka yi masa laƙabi da daƙiƙi, kuma ya sha bulalar da ni da nake 'yar uwarsa ban iya ƙirgawa ba. Sau biyu yana kwance rediyon Baba ya mayar da shi yana magana, amma a gidanmu ba a lissafa wannan a cikin basira ba, an lissafa shi ne a cikin ɓarna. Da ya tasa sai ya fara gudun makaranta, daga nan ya koma yini a tasha, daga baya aka kama shi da tsumman sholisho a aljihu.

Manyan gida suka zauna, baffanmu ya kawo shawarar a kai shi gidan mari a wani gari, inda aka ce ana gyara kangararrun yara. Aka kai shi da buhun gero da 'yan kuɗi, ya yi kusan shekara a can. Duk lokacin da Dada, mahaifiyarmu, ta je ganinsa ta dawo, matan unguwa sukan shigo su tambaya, ita kuma ta ce da sauƙi, ya natsu. Da ya dawo kuwa, lalle ya natsu. Ba ya magana sai an yi masa, ba ya ɗaga kai, yana tafiya da gajeren taku irin wanda mari ya koya wa ƙafafunsa. Mutane suka yi ta sa albarka. Ni da ɗakinmu yake jikin nasa nakan ji ihunsa cikin dare, amma ban faɗa wa kowa ba, domin ban san sunan abin da nake ji ba, kuma yarinya ba ta tsoma baki a shawarar da baffa ya yanke. Bayan 'yan watanni ya koma inda ya fi na da muni.

Abin da ya fi tsaya mini a rai daga baya shi ne wannan: babu wanda ya koma ya gaya wa masu wancan gida cewa aikinsu bai yi ba. Na tabbata sun ci gaba da ƙirga shi cikin waɗanda suka shiryu a hannunsu. Kuma a kan shaidar da muka bayar da bakinmu cewa ya natsu, gidaje biyu a layinmu suka kai nasu 'ya'yan. Ban ɗora wa iyayena laifi ba, don sun yi abin da suka sani ne, kuma sun yi shi da kuɗin da ba su da shi.

Da na gama sakandare na samu gurbin karanta ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Jos, Baba ya daɗe yana juya takardar a hannunsa kafin ya ce, "Ke 'yar nan, wannan karatu naki a wace ma'aikata ake aikinsa?" Ban iya ba shi amsa ba, amma ya bar ni na tafi. Yawancin abin da na karanta a shekarun farko na manta shi. Darasi ɗaya ne ya zauna daram. A cikin shekarun 1930, a garuruwan Kambirij da Samabil na jihar Masachusets a Amurka, wani likita mai suna Richard Cabot ya kafa shirin kare yara maza daga shiga aikata laifi. Aka jera yaran biyu-biyu masu kama da juna ta fuskar gida da hali, aka jefa kwabo sama don zaɓen wanda zai shiga shirin daga kowane biyu. Wanda ya shiga ya samu mai ba shi shawara, da taimakon karatu, da kula da lafiya, na kimanin shekara 5. Bayan shekara 30 wata mai bincike, Joan McCord, ta bi sawun mutanen sama da 500, ta wallafa sakamakon a 1978. Waɗanda aka taimaka wa ba su fi 'yan uwansu ba, a wasu fannoni ma, kamar shan giya da maimaita laifi da mutuwa da wuri, sun fi su shiga uku. Duk da haka, da aka tambaye su, kusan kashi biyu cikin uku suka ce shirin ya taimake su. Ina zaune a aji sai na ji kamar muryar Dada ce take cewa ya natsu. Tun daga ranar na daina yarda cewa kyakkyawar niyya da godiyar wanda aka yi wa abu sun isa hujja.

Bayan digiri na biyu a ɓangaren kula da marasa lafiya, na dawo gida na kama aiki a sashen yara na wani asibiti. Da wuya uwa ta shigo ta ce ɗanta yana cikin damuwa. Abin da ake kawowa shi ne ciwon kai da ciwon ciki waɗanda gwaji bai nuna komai a kansu ba, da fitsarin kwance ga yaron da ya daɗe da dainawa, da yarinyar da take faɗuwa a makaranta ana cewa iska ce, da yaron da ya daina magana tun rabuwar iyayensa. Kafin su iso gare mu sun biya ta kemis, sun biya ta wajen mai maganin gargajiya, an yi ruƙiyya, an sha rubutu. Ban taɓa ce wa uwa ta bar addu'a ko rubutu ba, domin ni ma da su aka raine ni, kuma na karanta yadda Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya yi a Aro da ke Abeokuta tun 1954, inda ya sauke marasa lafiya a gidajen ƙauyukan da ke kewaye tare da danginsu, ya kuma yi aiki da masu maganin gargajiya. Abin da nake tsayawa a kai na ce a'a shi ne duka, da ɗauri, da hana abinci, da turara wa yaro barkono. Mai farfaɗiya kuwa kai tsaye nake miƙa shi ga likita, saboda ni ba na rubuta magani, sannan in zauna da dangi in yi musu bayanin cewa ba a ɗaukar ta ta yawu, ba a cusa wa mai ita cokali a baki, kuma akwai magani mai sauƙin kuɗi da ke tsayar da ita ga yawancin yara.

Aikin ya fi ƙarfin masu yinsa nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane yara 7 'yan shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan lalurori suna farawa ne kafin shekara 14 ko daidai nan. Adadin likitocin ƙwaƙwalwa da aka fi ambata a Najeriya bai kai 300 ba ga mutane fiye da miliyan 200, waɗanda suka ƙware a kan yara kuwa 'yan ƙalilan ne a cikinsu. A wancan lokacin idan lamari ya yi tsanani sai mu ce a tafi Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, ko Dawanau a Kano, mai ƙaramin ƙarfi kuma ya ji kuɗin mota ya koma gida. Shi ya sa da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarinta na mhGAP a 2008, wanda manufarsa koya wa ma'aikatan ƙananan asibitoci gane waɗannan lalurori da kula da su, na shiga cikin masu ba da horo da zuciya ɗaya. Ta wannan ƙofar ce ƙungiyoyin agaji suka san ni.

Lokacin da matsalar 'yan bindiga ta tsananta a ƙananan hukumomin da ke bakin dajin Rugu, irin su Batsari da Safana da Ɗanmusa da Jibiya, mata da yara suka riƙa kwararowa cikin Katsina, wasu a gidajen dangi, wasu a kangwaye, wasu a azuzuwan firamare. Wata ƙungiya ta kawo shiri don yaran. Aka kafa rumfuna inda suke wasa da zane da waƙa, a ba su biskit da ruwa, sannan a gefe guda akwai ɗan zama na mako-mako da iyaye mata, wanda ba a ba shi muhimmanci sosai ba. Aka ɗauke ni in auna shirin. A zagayen farko na yi abin da aka saba. Na tattara rajista, na ƙirga yaran da suka halarta, na tura ma'aikata da takardar tambayoyi su ji ra'ayin iyaye. Kusan kowace uwa ta ce da sauƙi, mun gode, Allah ya saka da alheri. Na rubuta rahoto mai daɗin karantawa, kowa ya yaba, aka ƙara wa shirin wa'adi. Ni da na zauna a wancan aji na Jos, ni ce na sa hannu a wannan rahoto, kuma har yau ina jin kunyarsa.

Wata tsohuwa ce ta farkar da ni. Na je wani kango da yamma don wata ziyara ta daban, na tarar da ita tana tankaɗe, jikanta na rakuɓe a bayanta. Na tambaye ta yaya yaron tun da ya fara zuwa rumfa, ta ce da sauƙi. Da na daɗe a zaune muna hira, har na taya ta tsince tsakuwa a wake, sai ta dube ni ta ce, "Malama, ke da kika zo a motar masu biskit, me kike so in ce miki? In kina son sanin lafiyar yaron nan, ki zo da asuba ki taɓa tabarmarsa." Yaron ya kai shekara tara, kuma tun daren da aka shiga ƙauyensu bai kwana a busasshiyar tabarma ba. A takardarmu yana cikin waɗanda suka samu sauƙi.

Da aka zo zagaye na biyu na ce ba zan karɓi aikin ba sai an bar ni na sake tsarin awon daga tushe. Akwai ma'aunai da duniya ta sani, kamar takardar tambayoyi 25 da Robert Goodman ya fitar a Ingila a 1997 a kan ƙarfi da raunin ɗabi'ar yaro, kuma ma'auni ne mai kyau da nake amfani da shi. Sai dai takarda ba ta san cewa Bahaushiya ba ta yabon ɗanta na fari a gaban baƙo ba, wata ma ko sunansa ba ta faɗa. Ba ta san cewa yaron da ya sunkuyar da kai yana iya kasancewa mai tarbiyya ne, yana kuma iya kasancewa wanda tsoro ya cinye, irin natsuwar da ƙanena ya dawo da ita. Saboda haka muka yi makonni muna zama da iyaye mata da malaman Islamiyya muna yi musu tambaya ɗaya: ta yaya kuke gane yaron da ya ga abin da ya fi ƙarfinsa? Su suka ba mu kalmomin. Firgita cikin barci. Zabura idan babur ya wuce, domin a kan babura ake zo musu. Rakuɓewa, da ƙin zuwa aike ko da ƙofar gida ne, da zurfin ciki, da wasan harbi da karan dawa wanda ba ya ƙarewa, da faɗa ba gaira ba dalili.

Daga nan muka mayar da kowace kalma abin da za a iya ƙirgawa. Muka daina tambayar yaya yaron, muka koma cewa a cikin darare bakwai da suka wuce, dare nawa ya farka da ihu, kwana nawa ya je makaranta, sau nawa aka aike shi ya tafi shi kaɗai. Uwar da ba ta karatu muka ba ta gwangwanin madara, duk safiyar da ta tarar da tabarma a jiƙe ta jefa tsakuwa ɗaya, ranar da muka zo mu juye mu ƙirga tare. Tsakuwa ba ta yi wa kowa kara. Masu yin tambayar kuma muka ɗauko su daga waɗanda ba su da alaƙa da rumfa, ba sa sanye da rigar ƙungiya, a Keke Napep suke zuwa, kuma su fara da bayyana cewa amsar da aka ba su ba za ta ƙara wa kowa ko ta rage masa komai ba.

Abin da ya fi wuyar bayani shi ne rukunin kwatance. Kuɗin da ake da shi ba zai isa a buɗe rumfa a dukkan unguwanni lokaci ɗaya ba, dole wasu su jira, don haka na nemi a bar ƙuri'a ta zaɓi waɗanda za su fara, a auna yaran ɓangarorin biyu tun kafin a soma da kuma bayan an gama. Wani mai unguwa ya tambaye ni amfanin auna yaran da ba a yi wa komai ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, mutanen nan sun iso ne tsakiyar damina, ba abinci, ba wurin kwana, abin da ya faru da su kuma ɗanye ne. Za mu sake auna su da kaka, hatsi ya yi sauƙi, sun samu inda suka saba. Ko ba a kafa rumfa ko ɗaya ba, yara da yawa za su fi yadda suka zo. In ba mu da waɗanda za mu kwatanta da su, sai mu ɗauki aikin da lokaci da sabon gero suka yi mu ce namu ne." Ya yi dariya ya ce ashe kamar gwajin taki ne, a bar kunya biyu ba a zuba ba. Ban taɓa samun bayanin da ya fi nasa ba, kuma da shi nake koyarwa har yanzu.

Sai kuma neman waɗanda suka daina zuwa, wanda shi ne ya fi cin takalmi. Rajista tana nuna wanda ya zo ne kawai. Muka bi gida-gida muka tarar da cewa da yawa daga cikin waɗanda suka ɓace su ne suka fi buƙata: 'yan matan da aka ɗora wa talla, yaran da aka tura almajirci saboda babu abin ciyar da su, da waɗanda tsoro ya hana su fita ƙofa. Da mun auna waɗanda suka rage a rumfa kaɗai, da sakamakon ya yi kyau saboda masu nauyin sun fita daga sikeli.

Sakamakon bai yi wa kowa daɗi ba. Yaran ɓangarorin biyu duk sun samu ci gaba, amma bambancin da ke tsakanin masu rumfa da masu jira bai taka kara ya karya ba. Inda na ga alamar wani abu shi ne gidajen da uwa ta riƙa halartar zaman mako-mako, inda ake koya musu yadda za su kwantar da yaron da ya firgita, su daina dukansa a kan fitsarin kwance, su mayar masa da tsarin yini, su kuma samu inda za su sauke nasu nauyin. Ko wannan ɗin ban rubuta shi a matsayin tabbas ba, domin ba ƙuri'a ce ta zaɓi matan da suka riƙa zuwa ba, mai yiwuwa waɗanda dama suke da sauran ƙarfi ne. Na ba da shawarar a gwada shi da kansa.

Shugaban shirin ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Ya ce, "Hajiya, ai ba a yin haka. Kin san mutum nawa ke cin abinci a wannan aiki? Kin san idan masu ba da kuɗi suka karanta wannan, rumfar ma da yaran ke samun inuwa a ciki za a naɗe ta?" Maganarsa tana da gaskiya a ciki, kuma na kwana ina juya ta. Na ce masa, "Yallaɓai, rumfa abu ne mai kyau, yaro ya samu wurin wasa inda babu mai taɓa shi, a nemi kuɗinta da wannan sunan. Abin da ba zan rubuta ba shi ne ta warkar da firgita, don idan na rubuta haka, yaron da ke jiƙa tabarma an rufe littafinsa ke nan, ba wanda zai sake nemansa." A ƙarshe aka fitar da rahoto da yawan yaran da aka kai gare su a shafin farko, abin da na gano kuma aka tura shi can ƙarshe cikin ƙananan haruffa. Na nemi a cire sunana, aka cire, ba a sake kirana ba. Na yi watanni ba aiki, har maigidana, wanda bai taɓa sa baki a sha'anin aikina ba, ya tambaye ni ko babu wata hanyar faɗin gaskiyar da ba za ta rufe ƙofa ba. Wataƙila akwai, ni dai ban same ta ba a lokacin.

A wannan zaman ne na koma karatu na ga ba ni ce farau ba. A farkon shekarun 1990 an kashe maƙudan kuɗi a sansanin sojan Fort Bragg da ke Karolina ta Arewa don samar wa 'ya'yan sojoji cikakken tsarin kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. Leonard Bickman na Jami'ar Vanderbilt, masanin halayyar ɗan Adam, ya jagoranci awon, ya bi yara kusan 1,000 yana kwatanta su da na wasu sansanoni biyu. Yaran Fort Bragg sun fi samun kulawa cikin sauri, iyayensu sun fi gamsuwa, kuɗin da aka kashe a kansu ya fi yawa, amma lafiyarsu ba ta fi ta sauran ba. Ya wallafa hakan, ya sha suka, bai janye ba. Wanda ya fi kusa da mu shi ne binciken da Paul Bolton da abokan aikinsa suka wallafa a 2007, a sansanonin 'yan gudun hijira na arewacin Yuganda, a kan matasa 'yan shekara 14 zuwa 17. Sun fara ne da tattara sunayen da Acholi, mutanen yankin, suke kiran damuwa da su a harshensu, sannan suka raba matasan uku: masu zaman tattaunawa na rukuni a kan alaƙarsu da mutane da rashin da suka yi, masu wasanni, da masu jira. Zaman tattaunawar ya rage wa 'yan mata damuwa sosai, wasannin kuwa ba su nuna bambanci da jira ba. Da na san wannan da kyau tun farko, da na shiga wancan ofis da shi a hannu.

Ranar 11 ga Disamba 2020 aka sace ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. Ba na cikin waɗanda suka kula da su, amma wayata ba ta huta ba, malamai da iyaye daga wurare daban-daban suna tambaya ko ya kamata a riƙa tara yaran da irin wannan ya shafa a sa kowa ya ba da labarin abin da ya gani don ya amayar da shi. Wannan dabara an daɗe ana yin ta a ƙasashe da yawa, kowa yana ganin hankali ya ɗauka, har aka auna ta aka ga zama ɗaya na tilasta ba da labari ba ya hana ciwon firgita, wasu ma yana ƙara musu, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ba da shawarar yin sa ba. Amsata ita ce a ba yaro abinci da barci da iyayensa, a saurare shi idan ya so magana, kada a matsa masa idan bai so ba, a mayar da shi cikin harkokinsa a hankali, wanda kuma aka ga bayan wata guda abin bai lafa masa ba a kawo shi.

Yanzu aikina ƙarami ne. Ina horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci da wasu malaman makarantu, ina kuma ganin yara kwana biyu a mako. Kowane yaro yana da takarda guda mai ɗauke da abubuwa uku da uwarsa ko shi kansa ya zaɓa a matsayin abin da suke so ya canza, duk zuwa sai mun ƙirga su. Idan aka yi zuwa huɗu lambobin ba su motsa ba, na san matsalar tana wajena, sai in canza hanya ko in tura shi gaba. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 mai tushe tun 1916, wadda ita ba ta san komai ba sai tsarewa. Na yi murna, amma ina jiran ranar da wani zai ƙirga ƙafafun da aka kwance saboda ita.

Ƙanena yana nan da rai. Wani bakanike ne ya ɗauke shi yaron shago a lokacin da kowa ya sallama shi, ya miƙa masa kafireto ya ce kwance, yau shi ke da nasa wurin gyaran janareto a wajen Ƙofar Ƙaura. A watan Oktoban 2019, da 'yan sanda suka buɗe wani gidan mari a Daura suka fito da mutane sama da 60, bayan na Rigasa a Kaduna da aka buɗe a watan Satumba, muna tare a ɗakin Dada aka nuna hotunan a waya. Ya karɓa ya daɗe yana kallo, ya miƙa wayar, ya sa takalminsa ya fita. Dada ta bi shi da ido ba ta ce komai ba, ni ma da duk karatuna ban ce komai ba.

Kwanakin baya ya zo gidana da yamma riƙe da hannun ɗansa na uku, wanda tun kafin su zauna ya riga ya taɓa duk abin da ke falon. Ya ce, "Yaya, ga ɗanki nan. Malaminsu ya fara cewa ba ya ganewa. Ki duba mini shi tun kafin wani ya kawo shawarar a kai shi wani wuri." Na ce to, gobe da safe a kawo shi da littattafansa da allonsa. Da ya miƙe zai tafi sai na tsinci bakina yana tambayar da na yi shekara kusan 30 ina ɗauke da ita. Na ce, "Kai fa, yaya barcin?" Ya buɗe baki ya ce da sau, sai ya tsaya, ya dube ni, ya dubi yatsunsa masu baƙin mai, ya lanƙwasa ɗaya, ya lanƙwasa na biyu. Ya ce, "Wannan satin, biyu." Yaron a lokacin yana ƙarƙashin tebur ya kwance tocilan ɗina, ya jera batir da murfi da gilashi a kan tabarma, yana neman ta inda zai fara mayarwa.